Rashin ji iri biyu ne

'Yan uwa na gida Sakwa, da waɗanda neman abinci ya kai Katagum, Azare, Bauchi, Kano da Kudu.

Yau ba sanarwar taro na zo da ita ba, ba kuma tunin kuɗin wata ba, saboda haka waɗanda ake bi bashi su kwantar da hankalinsu. Maganar kunne ce.

Idan Bahaushe ya ce yaro ba ya ji, abu biyu zai iya nufi. Akwai mai kunnen ƙashi, wanda ya ji ka sarai ya yi maka kunnen uwar shegu. Akwai kuma wanda maganar ce ba ta isa gare shi ba. Kalma ɗaya muke kiransu da ita, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Ka kira shi shiru, ka sake kira shiru, sai ka daka tsawa ya waiwayo a firgice. A aike shi ɗauko faranti ya kawo faifai. Na farkon tarbiyya yake buƙata, na biyun likita, amma a gidajenmu da makarantunmu yawanci magani ɗaya ake ba su, wato bulala.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, tun da labari ya bazu cewa an yi wa yaron wajena aiki a kunne bara, ba a cika mako ba a tare ni da tambaya ba. Wani a ƙofar masallaci, wani a kasuwa, mata kuma su biyo ta wajen mai ɗakina. Labarin ma ya yi ta canza kama a hanya. Wasu sun ji cewa waya aka dasa masa, wasu sun ji batir ne, wata tsohuwa kuwa cewa aka yi mata huda masa kai aka yi. Ga hunturu ya ƙarato, lokacin da mura ke bin yara gida-gida. Sai na ga gara in faɗa sau ɗaya a nan kowa ya karanta. Ni ba likita ba ne. Abin da na gani da idona zan faɗa, da abin da likitoci suka zaunar da ni suka fahimtar da ni.

Tun yana ɗan shekara 2 ciwon kunne ya san hanyar gidanmu, kuma tsarinsa bai taɓa canzawa ba. Iska ta kaɗa, mura ta shiga, bayan kwana uku ko huɗu sai kukan dare, jiki zafi rau, yana jan kunne yana murza kai a ƙirjin uwarsa. A kai shi, a ba da ruwan magani na kwana biyar ko bakwai, ya lafa. Sau biyu kunnen dama ya fashe da mugunya, ta bushe bayan 'yan kwanaki. Akwai shekarar da muka ƙirga sau biyar. Duk wuraren da muka je a wancan lokacin ba wanda ya leƙa cikin kunnen. A taɓa goshi, a rubuta magani, wani lokaci a ƙara da na zazzaɓin cizon sauro, shi ke nan.

Da ya doshi shekara 5 sai ciwon ya ja baya. Kukan dare ya ƙare, kowa ya yi hamdala, aka ce ya girme shi. Ashe a nan ne wata matsalar ta soma, kuma ita ba ta zuwa da kuka. Malamin allo ya aiko cewa yaron ba ya riƙe karatu, a biya masa yanzu ya maimaita wani abu dabam, sin da shin duk ɗaya ne a bakinsa. A firamare aka ce ba ya mai da hankali, ana darasi yana kallon taga. Yara 'yan uwansa suka fara kiransa da wani suna da ba zan rubuta ba. Yaron da a da ba ya zama wuri ɗaya ya koma rakuɓewa a gindin bango, in an matsa masa ya yi fushi ya jefar da abin da ke hannunsa. Mun san karin maganar da ake jawowa a irin wannan hali: jiki ya fi kunne ji. Ya sha ta a jikinsa daidai gwargwado. Kuma gaskiya ban ga laifin malaman sosai ba. Mutum ɗaya a gaban yara masu ɗimbin yawa, ga hayaniya, ga yaro lafiyayye ba zazzaɓi ba ruwan kunne, wa zai kawo wa ransa cewa ciwo ne?

Uwarsa ce ta gano. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta lura cewa in tana gabansa yana amsa ta, amma bakinta yake kallo, ba idonta ba. Sai ta gwada shi. Ta tsaya a bayansa yana wasa, ta ce a hankali, ga alewa. Ƙanwarsa da ke can bakin rijiya ta sheƙo da gudu, shi ko motsi bai yi ba. Ta maimaita kwana uku, sannan ta gaya mini, ta ƙara da cewa da daddare munshari yake yi kamar babban mutum, bakinsa a buɗe yake kwana. Muka shirya muka tafi Azare.

A can ne karon farko da aka sa 'yar fitilar duba kunne aka leƙa ciki. Likitan ya ce dodon kunnen biyun lafiya lau suke, ba huda, amma sun dushe, sun lotsa ciki, kuma da alamar ruwa a bayansu. Ya jawo takarda ya zana mini, kuma wannan zanen shi ne abin da nake so in isar muku, domin wanda ya gane shi ya gane duka maganar.

Kunne kamar gida ne mai sassa uku. Akwai zaure, wato ramin da muke gani, inda dauɗar kunne ke taruwa. A ƙarshen zauren akwai wata 'yar fata siririya a ɗame, ita ce dodon kunne. A bayanta akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai ɗauke da wasu ƙasusuwa guda uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Sauti ya bugi fatar, ta girgiza, ƙasusuwan su miƙa girgizar zuwa sashe na can ciki inda jijiyar ji take. To shi wannan ɗaki na tsakiya iska ce ya kamata ta cika shi, amma ba shi da taga ta waje. Hanyar iskarsa guda ɗaya ce, wani siririn lungu da ya gangara zuwa bayan hanci. In ka haɗiyi miyau ko ka yi hamma ka ji kunnenka ya yi ƙas, wannan lungun ne ya buɗe. A jikin babba yana da tsawo kuma a gangare yake. A jikin yaro gajere ne, matsattse, kusan a kwance, shi ya sa ƙwayoyin cutar da ke hanci ke saurin haurawa, kuma da mura ta kumbura wurin sai ya toshe. Akwai kuma wata tsoka a bayan hancin yara, dab da bakin lungun, wadda in ta yi girma take tare hanya, ita ce ke kawo munsharin da kwana baki buɗe.

In lungun ya daɗe a toshe, jiki sai ya shanye iskar da ke ɗakin, dodon kunne ya lotsa, ruwa ya tsattsafo ya cika wurin. Da farko tsinkakke ne, daga baya ya yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa, wani har kamar ƙaro. Turawan Ingila ma kunnen gam suke kiran abin. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa waje. Amma ku tambayi kowane makaɗi, gangar da ruwa ya cika cikinta ba ta amo. Jin yaro yakan ragu da kimanin ma'aunin desibel 25 zuwa 30, wato kamar ka toshe kunnuwanka da yatsu ka wuni a haka. Za ka ji tsawa, za ka ji kiran salla, amma ƙananan haruffa irin su sa da sha da fa sai su ɓace, musamman cikin hayaniya. Abin da ya fi rikita iyaye shi ne abin yana hawa yana sauka. Yau ruwan ya ɗan ragu ya ji ka, jibi mura ta dawo ya daina. Sai a ce ai yana ji in ya ga dama.

A nan dole in raba abu biyu da jama'a ke haɗawa, domin mafi yawan masu tare ni da tambaya 'ya'yansu ba irin ciwon nawa ne da su ba. Kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni, ƙuda na bin sa, yana wari, wannan dodonsa ya riga ya huje. Shi ba bututu yake buƙata ba, ai ƙofa a buɗe take. Abin da yake buƙata shi ne a tsane shi, a kiyaye shi daga ruwa, a ɗiga maganin da likita ya zaɓa bayan ya leƙa, wani kuma sai an yi aikin like hudar idan ya girma. Irin wannan kunnen mun fi kowa saninsa a yankinmu, har mun mai da shi ba komai ba, muna cewa zai bushe da kansa. Ana zuba masa man gyaɗa, man shanu, ruwan albasa, nonon uwa, a sosa da gashin kaza ko tsinken ashana. Na ga inda aka fasa kwalbar maganin allura a kemis aka tsiyaya a kunnen yaro. Likitan ya ce mini akwai magungunan da in suka ratsa ta hudar suka kai sashe na can ciki, jijiyar jin kanta suke iya kashewa, kuma ita in ta mutu ba ta dawowa. Sannan tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri. In kuka ga bayan kunnen yaro ya kumbura ya turo kunnen gaba, ko bakinsa ya karkace, ko wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, wannan ba na jiran gobe ba ne, ko da dare ne a nemi mota.

Mu dai a Kano muka ci gaba da neman magani, saboda ina da ƙane a can da za mu sauka wurinsa, ba sai mun kama ɗaki ba. An yi gwaji iri biyu. Na farko wata na'ura ce da ake sa bakinta a kunne ta auna motsin dodon. Mai lafiya takan zana tudu a takarda, nasa kuwa layi ta ja a miƙe, dama da hagu. Na biyu aka sa shi a wani ɗan ɗaki da ba ƙara, aka ɗora masa abin sauraro, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya jefa ɗan katako a kwando. Ina zaune a gefe ina kallon ma'aikaciyar tana danna maɓalli, yaro na riƙe da katako yana jira. Wannan zaman ya fi mini komai nauyi a duk tafiyar.

Na ɗauka a ranar za a sa mana lokacin aiki. Sai likitar ta ce mu koma gida mu dawo bayan wata uku. Ta ce yawancin yara sukan sami irin wannan ruwa aƙalla sau ɗaya kafin su isa shiga makaranta, kuma mafi yawansu yakan janye da kansa cikin wata uku. Ba a sa wa yaro maganin barci a kan abin da zai tafi da kansa. Sai in ya wuce wata uku a kunne biyu, gwaji ya nuna ji ya ragu, ko kuma yaron da ciwon ke dawo masa sau 3 cikin wata 6 ko sau 4 cikin shekara kuma ga ruwan a kwance, sannan ake maganar bututu. Ta ƙara da cewa kada mu ɓata kuɗi a kan ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na mura da nufin busar da shi, ba sa busar da shi. Ga wanda ya taso daga Sakwa, ya biyo ta Azare, Jama'are, Shuwarin, Wudil, a ce masa je ka dawo, maganar ba daɗi. Amma ita ce ta sa na yarda da matar nan. Da wuƙa kawai take so ta sa, ai ga mu a hannunta.

Cikin watannin nan uku aka yi muhawarar gida. Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗakinta ta ce, “Kai ɗan nan, kunnen da ba ya ciwo ba ya ruwa shi za ka kai a huda? Kowa ya san in dodon kunne ya fashe an kurmance. Kada ku lalata mini miji. A kira wanzami ya cire masa beli, munsharin ya tafi.”

Na ce, “Inna, Allah ya ƙara miki lafiya, na tambayi likita maganar belin. Ta ce tsokar da ke damunsa tana can sama a bayan hanci, askar wanzami ba ta kai wa wurin, kuma beli ba ruwansa da kunne.”

Ta ce, “To hudar fa?”

Sai na tuna misalin da likitan Azare ya ba ni, na sa aka sayo gwangwanin madara. Na huda gefe ɗaya na kifa, tana ɗiga da kyar. Na huda ɗaya gefen, sai ta zubo. Na ce, “Kin gani, Inna, huda ta biyun ba madara ce ke fita ta nan ba, iska ce ke shiga. Kunnen maigidan naki iska ya rasa.” Ta yi shiru, can ta ce a ba ta madarar ta sha shayi tunda an riga an fasa. Ba ta ce ta yarda ba, amma ranar tafiya ita ta tofa masa addu'a, ta ƙulla masa kuɗin ƙosai a bakin riga.

Da muka koma, layin nan na nan a miƙe. Aka sa rana.

Shi bututun, wanda ake ta ba da labarinsa, an nuna mini irinsa a tafin hannu. Bai wuce ƙwayar dawa ba. Roba ce, siffarsa kamar kalangu, baki biyu masu faɗi da tsakiya a tsuke, da rami a ciki. Ba waya, ba batir. Ta ramin kunne ake shiga, ana kallo da madubin ƙara girma, a ɗan tsaga dodon, a zuƙe ruwan, a maƙala bututun a tsagar don kada ta rufe. Ba yanka a waje, ba ɗinki. Shi kaɗai aikin bai fi minti 15 ba, sai dai yaro ba zai tsaya cik ba, dole a sa shi barci. Namu an haɗa da cire tsokar bayan hancin, don haka ya ɗan fi haka daɗewa, muka kwana ɗaya. Abin da ya fi ba shi wahala a ranar shi ne hana shi abinci tun dare. Wannan ka'ida kada wanda ya karya ta don tausayi, ko a ɓoye, domin yaron da aka sa barci da abinci a ciki zai iya amai ya shaƙe.

Mun dawo gida kwana biyu ke nan, aka tayar da injin niƙa na maƙwabta, sai ga shi ya toshe kunnuwa da hannu biyu yana cewa a kashe. Injin da yake wucewa ta gabansa kullum. Ya yi kusan mako yana ƙorafin cewa kowa ihu yake yi masa, kuma da gaskiyarsa, mun saba ɗaga murya. Karatu bai gyaru dare ɗaya ba. Abin da ya wuce shi na shekara guda sai da aka bi shi a hankali, malamin allo ya mai da shi kusa da shi, ya sake masa daga baya. Amma yanzu in an biya masa abin da aka biya yake maimaitawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1801 wani likitan Landan, Astley Cooper, yake huda dodon kunne don mutane su ji, sai dai hudar takan rufe cikin 'yan kwanaki, ruwa ya dawo. A shekarun 1860 Adam Politzer na birnin Biyana ya gwada maƙala 'yar roba don ta riƙe hudar a buɗe, abin bai zauna ba. Sai a 1954 wani likita a Amurka, Beverly Armstrong, ya dawo da dabarar da robar zamani, ta karɓu. Yau a Amurka yara masu ɗimbin yawa ake yi wa kowace shekara, har likitocinsu na gardama a kan ko an yi yawa. Su matsalarsu yawa, mu tamu rashi. Wannan tarihin yana amsa tsoron Inna ma: dodon kunne fata ce mai rai, son rufewa take yi, wahalar likitoci ta shekara 150 ita ce yadda za su hana ta rufewa da wuri.

Kada kuma in sayar muku da abin fiye da kuɗinsa. Bututun ba ya gyara lungun da ya toshe, aron lokaci yake yi har yaro ya girma lungun ya faɗaɗa. Ba a komawa a cire shi, dodon ne ke turo shi waje da kansa, yawanci tsakanin wata 6 zuwa 18, sannan hudar ta rufe. Namu na dama ya fito bayan wata goma, uwarsa ta gan shi a bakin kunne cikin dauɗa, na hagu yana nan har zuwa dubawar da aka yi mana ta ƙarshe. Wasu yaran ruwan yakan dawo bayan ya faɗo, sai an sake. Wasu kunnen yakan yi ruwa ta cikin bututun, mu ma ya yi mana sau ɗaya bayan mura, aka ba da maganin ɗigawa ya tsaya. Kaɗan daga ciki hudar ba ta rufewa sai an like ta. Duk an gaya mini waɗannan kafin in sa hannu a takarda, kuma duk wanda za a yi wa ɗansa yana da haƙƙin ya tambaya a gaya masa.

Babban yaƙinmu bayan aikin da damina aka yi shi. An ce ruwan wanka mai tsabta ba abin tsoro ba ne sosai, in za a wanke kai da sabulu a sa auduga da aka shafa wa man basilin a bakin kunne. Amma nutso a kududdufi ko a kogi, an hana. To ku gaya mini yadda za a hana ɗan Sakwa mai shekara 6 shiga ruwa a watan Agusta, fadama ta cika, sa'o'insa duk suna can. Sai da muka sa yayyensa gadi, aka yi kuka, aka yi rarrashi, har da cin hancin biskit.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan duk wannan ba aikin ba ne, hanyar ce. Sau biyar muka je Kano. In ka tara kuɗin mota da abinci da ranakun da na bar aiki, sun yi kafaɗa da kuɗin tiyatar kanta, sai da tumaki biyu suka bar gidan. Ni ina da ɗan albashi, ina da ƙane a birni, ina iya karanta takardar asibiti. Ɗan manomin da ke ƙauyukan bayanmu fa, wanda in ruwa ya yanke hanya ko Katagum ba ya iya kaiwa? Shi za a ci gaba da ce masa daƙiƙi har ya yarda, ya bar makaranta, alhali tsakaninsa da karatu ruwan da bai cika ƙaramin cokali ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara abu ne da za a iya karewa. Nawa ne daga ciki ke zaune a bayan aji a makarantun Zaki? Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Mafi kusa da mu dai Azare ce, a nan ya kamata a fara, su za su ce a tsaya ko a wuce gaba.

Akwai abin da ke hannunmu tun kafin a kai ga mota. Nonon uwa zalla na wata 6 yana rage ciwon kunne. Allurar rigakafin ciwon haƙarƙari da ake yi wa jarirai kyauta, ƙwayar cutar da take karewa tana cikin manyan masu kawo ciwon kunne, don haka a cika katin. Hayaƙi kuma abokin gābar wannan lungu ne, na taba da na itace. Da sanyi mun saba shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, yara na kwance, ga jariri goye a bayan uwa tana hura murhu. Ban ce a daina girki ba, amma a sauke yaron a ba wata ta riƙe, ba kuɗi ake biya ba.

Gwajin da uwarsa ta yi kowa zai iya yi. A tsaya a bayan yaro kamar tsawon hannu, inda ba zai ga baki ba, wuri ba hayaniya, a faɗi kalma a hankali a ce ya maimaita, a gwada kowane kunne dabam. A sake bayan mako biyu, domin abin na hawa da sauka. Ba zai maye gurbin na'ura ba, amma zai nuna wanda ya kamata a kai. Malamai 'yan ƙungiyar nan, na boko da na allo, ku kuka fi mu ganin yaran. Wanda kuka ga yana kallon bakinku, ko yana juyo da gefe ɗaya na kansa, ko yana leƙen allon na kusa da shi kafin ya fara, ku dawo da shi gaba tukuna, ku aika wa iyayensa.

Na nemi izinin shugaba, an sa maganar cikin ajandar taronmu na wata mai zuwa. Shawarar da zan kawo ita ce mu cire wani abu daga asusun taimakon marasa lafiya mu sayi 'yar fitilar duba kunne ko da guda biyu ce, mu damƙa wa ma'aikatan lafiya 'yan garin nan da suka iya aiki da ita, sannan mu nemi ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ke aikin asibiti a Azare ya taimaka a samo mana wanda zai zo ya duba yaran firamare da na allo rana guda. Ranar 3 ga Maris ita ce ranar ji ta duniya, kuma ta faɗo daidai ƙarshen hunturu, lokacin da ruwan da mura ta bari yake kwance a kunnuwa. Wanda ke da ɗa ko jika da yake zargi, ya ba ni sunansa da shekarunsa da unguwarsu kafin ranar taro, ko ya turo ta hannun wakilin unguwa, domin mu san yawan da za mu gaya wa likitan.

Sakataren ƙungiya, Sakwa